Kafin a Zazzage Jakar Mai Gyaran Ɗaki

A wani otal da ke Kaduna na ga abin da ya sa ni wannan rubutu. Mun je taron bita na kwana uku. A safiya ta ƙarshe ina saukowa karin kumallo sai na ji hayaniya a wajen masu karɓar baƙi. Wani bawan Allah ne cikin shadda mai maiƙo yake ɗaga murya, wai Naira 150,000 da ya bari cikin ambulan a kan durowar gado sun yi ɓatan dabo. A gabansa ga wata yarinya tsaye cikin rigar aiki, ba za ta wuce shekara 22 ba, hannunta ma bai bushe daga wankin banɗaki ba.

"Ke! Ke kika shiga ɗakina jiya ko ba ke ba ce?"

"Ni ce, Yallaɓai. Amma wallahi ban ga kuɗi ba."

Manaja bai tambayi kowa komai ba. Ya sa aka ɗauko jakarta daga ɗakin ma'aikata, aka zazzage ta a kan tebur a gaban mutane fiye da goma. Abin da ya zubo: hijabi, 'yar ƙaramar waya mai tocila, man shafawa, garin kwaki ƙulle a leda, da Naira 700 kuɗin mota. Babu ambulan. Duk da haka kafin azahar an sallame ta, an kuma ce albashinta na watan zai tafi wajen rage wa Alhaji asara.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Idan rigima ta tashi tsakanin baƙo da mai gyaran ɗaki, nauyin a wuyan otal yake. Da otal baƙo ya yi ciniki, otal ya ba kuɗinsa, otal ya ba shi makulli. Don haka manaja ne zai karɓi ƙorafi, ya raba mutanen biyu, ya bincika, sannan ya yanke. Abin da ake yi yanzu a wurare da dama, na jawo ma'aikaciya a tsayar da ita gaban mai fushi ya huce a kanta, zalunci ne, kuma ba ya dawo wa baƙo da ko sisi.

Wa ya shiga ɗakin?

Ɗakina yana kallon nasa, shi ya sa nake da abin faɗi. A yammacin ranar na ga mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya shiga da tsaninsa. Bayan isha'i na ga mutum biyu sun zo wa Alhaji hira, sun daɗe. Akwai shugabar masu gyaran ɗakuna, wadda katinta ke buɗe kowace ƙofa a benen. Akwai yaron da ya kai abinci. Ban ce ɗayansu ya ɗauka ba. Ina dai ƙirga hannayen da suka iya kaiwa ga durowar nan ne, sai ga shi a cikinsu duka mutum ɗaya tak aka kira.

Me ya sa ita? Don ita ce ba ta da wanda zai tsaya mata. Dokin mai baki ya fi gudu, kuma a otal babu marar baki kamar mai shara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar gano gaskiya tana nan a wurin. Ƙofofin otal ɗin da kati ake buɗe su, kuma irin waɗannan makullai suna ajiye tarihin katin da ya buɗe su da lokacin da aka buɗe. Ga kyamarar tsaro a barandar benen. Aikin rabin awa ne a zauna a duba wa ya shiga, ƙarfe nawa, minti nawa ya yi, me ya fito da shi a hannu. Babu wanda ya duba. An kashe kuɗi an sayi na'ura, amma da aka zo wurin amfani da ita sai aka koma ga zato.

Mu kuwa tun muna allo da littattafan farko aka karantar da mu cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Yarinyar ta rantse. Alhaji bai kawo hujja ba. A gaban kowane alƙali maganar ta ƙare ke nan sai in wani sabon abu ya fito. Suratul Hujurat ta gargaɗe mu a kan yawan zato, ta kuma umarce mu da bin diddigin labari don kada mu cuci mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Ban ga dalilin da zai sa wannan ƙa'ida ta tsaya a bakin ƙofar otal ba.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya hana mai aiki yanke albashin ma'aikaci da sunan tara. Ko da asara ce ta faru saboda ganganci ko sakacin ma'aikacin, sai jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce kafin a taɓa albashin, kuma yankan ya zama daidai misali. Manajoji nawa ne suka taɓa neman wannan izini? A bakin manaja ake yanke hukunci, a aljihun ma'aikaciya ake zartar da shi.

"Ai suna sata da gaske"

Wannan ce magana ta farko da za a mayar mini, kuma gaskiya ce. Akwai ma'aikatan otal da ke ɗauke-ɗauke: caja, turare, 'yan canjin da aka bari a aljihun wando, wani lokaci har abin da ya fi haka. Wanda aka taɓa yi wa ya san zafin. Mutum ya baro gidansa, ya biya kuɗi mai yawa don ya kwana da kwanciyar hankali, sai ya tarar an binciki jakarsa.

Tsoron baƙo ma ya wuce batun kuɗi. Ba a manta da ɗalibin jami'ar nan da ya sauka a wani otal a Ile-Ife a watan Nuwamba 2021 ya rasa ransa ba, shari'ar da ta kai ga kotu ta yanke wa mai otal ɗin da ma'aikatansa biyu hukuncin kisa a watan Mayu 2023. Wanda ya rufe ƙofa ya kwanta a ɗakin da wasu ke da makullinsa, amana ce babba ya bayar.

Sai dai wannan hujja ni take goya wa baya. Idan akwai ɓarawo a cikin ma'aikata, korar wadda ta fi sauƙin kora ba ta fitar da shi ba. Yana nan, ya kuma koyi darasi cewa duk abin da ya ɗauka akwai wadda za ta biya. Baƙon da zai sauka mako mai zuwa bai tsira ba. Bincike ne kaɗai ke kama mai laifi, kuma in an kama shi da hujja, ban ce a rufa masa asiri ba. A sallame shi, a miƙa shi ga hukuma, otal ya biya baƙo.

Kuma a daina yi a bainar jama'a. A ƙasar nan kalmar "ɓarawo" idan ta fita da ƙarfi ba a san inda za ta tsaya ba, mun sha ganin inda ihu ya zama ajalin mutum kafin a tambayi abin da ya ɗauka. Ko ba a kai can ba, yarinyar da aka zazzage wa jaka a gaban direbobi da masu gadi, labarin zai riga ta isa unguwarsu. Zai bi ta wurin neman wani aikin, zai bi ta har wurin maganar aure. Naira 150,000 ana iya mayar da ita. Sunan da aka ɓata fa, wane manaja ne zai bi gida-gida ya gyara?

Su ma baƙi akwai nasu. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yawancin manyan otal suna da akwatin ajiya a cikin ɗaki, ƙananan kuma suna karɓar ajiya a wajen masu karɓar baƙi su ba da takarda. Wanda ya bar damin kuɗi a kan durowa ya fita tun safe ya jefa kansa cikin zargin mutane, ya kuma jefa mutane cikin zarginsa. Wannan bai halatta sata ba, amma ya kamata ya sa mutum ya sassauta murya.

"Baƙo ne ke kawo kuɗi"

Masu otal za su ce kasuwa ce. Man janareta ya yi tsada, ɗakuna ba sa cika, baƙo ɗaya mai fushi zai iya ɗaukar bidiyo ya saka a Facebook ko TikTok ya kori mutum ɗari. Mai shara kuwa in ta tafi yau, gobe goma za su zo neman gurbinta.

Na fahimci matsin. Amma me baƙo mai ƙorafi yake so a zahiri? Yana so a saurare shi, a nuna an ɗauki maganarsa da muhimmanci, a dawo masa da abinsa ko a biya shi. Duk wannan manaja zai iya yi ba tare da ya durƙusar da kowa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mu shiga ofis." Ya ba shi kujera da ruwa, ya rubuta abin da ya ɓace da lokacin da ya gan shi na ƙarshe, ya nemi izini a sake duba ɗakin tare da shi, ƙarƙashin gado, cikin zannuwan da aka kai wanki, aljihun rigunan da aka kai guga. Ya ce kafin awa biyu zai kawo masa bayanin makulli da na kyamara. Ita kuma shugabarta ta ji ta bakinta a wani ɗakin daban. In har sai an duba jaka, mace ta duba, a keɓe, da yardarta, da shaida ɗaya.

Baƙon da aka yi wa haka, ko bai samu kuɗinsa ba, ya ga tsari. Mu da muka tsaya kallo a safiyar nan kuwa, abin da muka gani shi ne otal da bai san wanda ke shiga ɗakunansa ba. Biyu daga cikin abokan tafiyata sun ce ba za su ƙara sauka a wurin ba. Wannan asarar ba ta shiga lissafin manaja ba.

Maganar "goma za su zo gobe" ita ce ma tushen matsalar. Tun watan Yuli 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ƙananan masaukai da yawa a nan suka faɗa. Yarinyar nan ta ce mini Naira 35,000 ake ba ta a wata, ba ta da takardar ɗaukar aiki, alhali doka ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata uku. Ɗakin da take gyarawa kuɗin kwanansa ɗaya ya fi albashinta na wata. Wanda yake son amana daga ma'aikaci, ya fara da biyansa abin da zai riƙe shi.

Ƙorafin da ke da tushe

Ba duk rigima ce ta sata ba. Mafi yawa ma ƙanana ne: an ƙwanƙwasa ƙofa mutum na barci, an shigo ba sallama, ba a canza tawul ba, an taɓa takardu.

A nan ina tare da baƙo sosai. Ɗakin da mutum ya kama gidansa ne har ya fita. Addini ya koya mana neman izini sau uku, in ba a amsa ba a juya. Ma'aikacin da ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya murɗa ƙofa, ya tarar da matar aure ba lulluɓi, ya yi laifi, kuma dole otal ya ba da haƙuri ba tare da kame-kame ba. Amma wa ya koya masa? A wurare da yawa yau ake ɗaukar mutum, yau ake miƙa masa bokiti da tsintsiya.

Akwai abin da ya kamata masu otal a Kaduna da Jos da Abuja su kula da shi musamman. Ma'aikata da baƙi sukan fito daga addinai da harsuna daban. Yarinyar da ba Musulma ba za ta iya tarar da Alƙur'ani a kan gado, ta ɗauke ta ajiye inda bai dace ba, ba da niyyar komai ba, don kawai tana son canza zanin gado. Ko ta taka sallaya da takalmi. Ko ta fitar da buta daga banɗaki tana zaton wani ne ya manta da ita. Kowa ya san yadda irin wannan kuskure zai iya zama wuta a garuruwanmu. Maganinsa bayanin minti goma ne a ranar farko ta aiki: littafi, takarda, sallaya, carbi, magani, kuɗi, ba a taɓa su, a gyara gefensu a wuce. Otal ɗin da bai yi wannan bayani ba, shi ya yi sakaci.

Haka batun lokaci. Me zai hana a tambayi baƙo tun wurin karɓar makulli: ƙarfe nawa kake so a gyara ɗaki, mace kake so ta shigo ko namiji, ko a bar shi sai ka nema? Da azumi mutane na komawa barci bayan asuba. Tambaya ɗaya ta kashe rigima goma.

Sai batun ɗakin da ba a gyara da kyau ba. Kafin a ce lalaci ne a ƙirga ɗakuna. Ɗakin da baƙo ya tashi yana cin kusan rabin awa in za a yi shi yadda ya kamata: cire zannuwa, shimfiɗa sababbi, wanke banɗaki, goge ƙasa, kwashe shara. Baƙi na fita da sha biyun rana, sababbi na isowa da biyu. Wadda aka ɗora wa ɗaki 18 a wannan tsakani dole ta yi aikin gaggawa. Ga kuma abin da mu baƙi muke bari. Lokacin biki mutum takwas a ɗakin mutum biyu, lalle a zanin gado, kaskon turaren wuta ya ƙona kafet, an goge takalmi da farin tawul. Sau da yawa kuɗin tawul ɗin nan daga albashin mai gyara ake cirewa, baƙo ya riga ya kama hanya.

Wadda ba a faɗa

Akwai rigimar da ba ta isa teburin manaja, don wadda abin ya shafa ta san ba za a yarda da ita ba. Namiji shi kaɗai a ɗaki ya kira a kawo tawul, yarinya ta kawo, ya mayar da ƙofa ya rufe. Wani da magana yake farawa, wani da kuɗi, wani da hannu. In ta ƙi, wani sa'in ita ce za ta wayi gari da ƙorafin rashin kunya ko na sata a kanta. Shi ya sa duk lokacin da na ji baƙo namiji yana zargin ma'aikaciya, nake so a ji ta bakinta a inda ba ya nan.

Duniya ta fara kallon wannan da idon basira ne a watan Mayu 2011, lokacin da wata mai gyaran ɗaki 'yar asalin ƙasar Gini ta zargi Dominique Strauss-Kahn, shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya a lokacin, da far mata a wani otal a birnin New York. Ya sauka daga muƙaminsa, masu gabatar da ƙara sun janye tuhumar a watan Agusta na shekarar, ƙarar neman diyya kuma aka sasanta ta a ƙarshen 2012. Bayan nan otal-otal da dama a Amurka suka fara ba masu gyaran ɗaki ɗan maɓallin neman agaji da suke ratayawa a jiki. Birnin Chicago ya mayar da shi doka a 2017, jihar New Jersey ta bi a 2019.

Za a ce wannan sai ƙasashen masu kuɗi. To, Najeriya da kanta ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2022, wadda ta shafi cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, kuma ta haɗa har da wanda ke fitowa daga abokan ciniki. Abin da ake buƙata ma bai kai maɓalli tsada ba. Ƙofa ta kasance a buɗe muddin ana gyara, a gitta keken kayan aiki a bakinta. In baƙo na ciki, mutum biyu su shiga, ko a dawo in ya fita. Saƙon dare zuwa ɗakin namiji, namiji ya kai. A ba ma'aikaciya dama ta fice daga ɗaki in ta ga take-taken da ba ta yarda da su ba, ba tare da an ce ta gudu daga aiki ba. Baƙon da aka samu da wannan hali a rubuta sunansa, kada a sake ba shi ɗaki, ko nawa zai biya. Wannan tsari yana kare baƙon kirki ma daga ƙazafi.

Su ma ma'aikatan sai sun haɗa kai. A Faris, mata kusan ashirin masu gyaran ɗaki a otal ɗin Ibis Batignolles, mafi yawansu 'yan asalin Afirka, sun yi wata 22 suna gwagwarmaya, daga Yuli 2019 zuwa Mayu 2021, har aka rage musu yawan ɗakuna aka ƙara musu albashi. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Rachel Keke, haifaffiyar Abidjan, ta ci zaɓen majalisar dokokin Faransa a 2022. A nan gida akwai ƙungiyar ma'aikatan otal ta ƙasa, akwai Kotun Ma'aikata, akwai ofisoshin ƙwadago a jihohi. Yarinyar da na gani ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da hayaniyar ta lafa na shiga ofishin manajan. Na faɗa masa mutanen da na gani sun shiga ɗakin, na roƙe shi ya duba makulli da kyamara, na kuma ce masa riƙe albashin nan ya saɓa wa doka. Ya ce, "Malam, Alhaji babban kwastoma ne, kai ma ka gani." Na bar masa lambata a matsayin shaida. A bakin get na tarar da ita zaune a kan dakali tana jiran ruwa ya tsagaita, jakar a cinyarta. Na ce, "Ƙanwata, kina da wanda zai zo ya yi magana a madadinki?" Ta ce sai dai kawunta, shi ma yana Zariya.

Bayan mako biyu manajan ya kira ni. An biya ta kuɗin kwana 19 da ta yi aiki a watan. Ba a mayar da ita ba, ba a kuma duba makullin ba.